Walimar ma'aikata a gidan abinci: a fara duba madafa kafin zaure

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni aka ɗora wa shirya walimar ma'aikatan kamfaninmu a nan Damagaram, mutum 80, cikin watan Afrilu. Bara da muka yi a wani gidan abinci, washegari mutane da yawa ba su fito aiki ba saboda amai da gudawa, kuma har yau ana raɗe-raɗin cewa wani ne ya zuba mana wani abu. Bana na samu wuri mai sanyi da kujeru masu kyau, amma mai wurin ya ce za su gama girki tun da safe, su ɗumama idan mun iso. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in bincika tun ban ba da kafin alƙalami ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, domin maganar da mai wurin ya faɗa miki ita ce ainihin matsalar, kuma ina kyautata zaton ita ce ta kwantar da abokan aikinki bara.

Abubuwan da kowa ya sani ba zan daɗe a kansu ba. Ki tabbatar akwai injin wuta da ke tashi, ki ga wurin alwala da na salla tunda taron zai ratsa azahar, ki ƙidaya kujerun da idonki, sannan a rubuta farashin kowane faranti da adadin mutane a takarda mai lambar NIF, wato lambar rajistar haraji ta mai wurin, a fayyace ko harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin abin da aka saya, yana ciki, don kada mai kula da kuɗin kamfani ya dawo miki da ita.

Abin da nake fama da shi kusan kullum shi ne imanin da mutane suka yi cewa wuta tana wanke duk laifin abinci, wato komai daɗewar tukunya a ajiye, da zarar an mayar da ita kan murhu ta yi tururi, shi ke nan. Wannan ba gaskiya ba ne, musamman ga shinkafa, wadda ita ce uwar kowace walima a garin nan. Ɗanyar shinkafa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus, wadda dafuwa ba ta gamawa da ita. Idan aka sauke dafa-duka da ƙarfe 8 na safe, aka juye a manyan robobi aka rufe, tana hucewa sannu a hankali, sai ƙwayar ta farfaɗo ta hayayyafa, ta saki dafi a cikin abincin. Ɗumame yana iya kashe ƙwayar, amma dafin yana nan daram, ba ya sauya ɗanɗano, ba ya wari, sai bayan ƴan sa'o'i amai ya taso. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 ko ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce sa'o'i 2 a ajiye a tsakanin nan. To, a Afrilun Damagaram da zafi ke haura digiri 40, lissafa daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 2 na rana.

Na taɓa shiga madafar wani wuri da zaurensa ya sha labule da fitilu, na tarar da salati an riga an kwaɓa shi da mayonez da dafaffen ƙwai tun hantsi, an lulluɓe da leda a kan tebur kusa da murhu, firiji kuma an cika shi da lemun kwalba domin shi ne baƙi ke yi wa ƙorafi idan bai yi sanyi ba. Da na yi magana, sai aka ce mini an matsa lemun tsami a kai. Lemun tsami ba ya kashe dafi, yaji ba ya kashewa, haka ma ƙwayoyin da masu tallar magani a faranti ke ba mutane su haɗiya kafin cin abincin biki. Abin takaicin shi ne idan ciki ya ɓaci, maimakon a tambayi ƙarfe nawa aka sauke tukunya, sai a koma zargin sammu, a ɓata zumuncin ofis a banza, mai gidan abincin kuma ya ci gaba da halinsa.

Saboda haka ki koma wurin ba tare da sanarwa ba, da tsakar rana, ki nemi a shigar da ke madafa. Wanda ya hana ki shiga ya riga ya ba ki amsa. Ki tambayi inda suke samun ruwa ranar da famfo ya ɗauke, domin kin san halin ruwa a garin nan, kuma da ruwan da ƴan ga-ruwa suka kawo ake wanke latas da tumatir a wurare da yawa. Ki buɗe firijin ki taɓa abin da ke ciki, ki duba ko ɗanyen nama yana ɗiga a kan abin da za a ci ba dafawa. Ki tambayi murhu nawa gare su da masu girki nawa, domin wurin da ya saba sallamar mutum 20 a rana ba shi da yadda zai ciyar da 80 lokaci guda sai ta hanyar girkin asuba.

A cikin yarjejeniya ki sa a rubuta cewa shinkafa za ta sauka bai fi sa'a guda kafin a zuba ba, nama ya fito daga kan wuta zuwa faranti, salati kuma a haɗa shi bayan kun zauna. Sai dai ku ma da naku alhakin: idan an ce ƙarfe 1, kada jawaban shugabanni su kai ku la'asar abinci yana jira. A ci tukuna, a yi jawabi daga baya. Ragowar da aka saba ƙullawa a leda a kai wa yara gida kuwa, in ta kai sa'o'i 2 a kan tebur, ki ce a bar ta.