Furen hoto da furen da ya iso gida

A wannan fitowar tambayoyin sun karkata ga furanni, musamman waɗanda ake saye ta waya. Masu harkar adon biki da masu renon dashe ne suka haɗu suka ba da amsa.

Tambaya: Na yi odar wardi ja guda 24 ta WhatsApp wajen wata mai sayarwa a Yamai, don walimar ɗiyata. Da kaya suka iso sai na ƙirga wardi 15, rabinsu ruwan hoda, an cike sauran da ƙananan furanni farare da ganye. Ta ce haka ake yi in kaya sun yanke. Gaskiya ne, ko cutata aka yi? (Wata uwargida, unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Rabin maganarta gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ba za mu goya mata baya ba.

Wardi mai dogon kara da babban kai, irin wanda ake gani a hotuna, ba ya son zafin ƙasarmu. Ana noma shi ne a wurare masu tudu da sanyi: gefen tafkin Naivasha a Kenya, wanda tudunsa ya kai kusan mita 1,900, da Habasha, da Ekwado, da Kolombiya. Mai yawa daga ciki sai ya bi ta babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan kafin ya watsu duniya. Tun daga ranar da aka yanke shi yana bukatar sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba. Duk inda sanyin ya katse, a filin jirgi ne ko a shago da aka ɗauke wuta, wasu za su lalace. Daga Yamai zuwa Maradi kuma akwai tafiyar kilomita ɗari shida da ɗoriya. Mai sayarwa kan buɗe kwali ta tarar da ɗauri guda ya yi laushi, alhali ta riga ta karɓi kuɗin mutane. A ranakun da ake rububi, kamar 14 ga Fabrairu, 8 ga Maris da 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, jan wardi ne ke fara ƙarewa.

To amma sauyi yana da ƙa'ida a wannan sana'a. In buke, wato ɗaurin furanni, na gauraye ne, ana iya canza irin fure, amma a riƙe launi da siffa. In kuwa iri ɗaya aka saya, kamar naki, sai a riƙe irin, launi ne kawai ake iya taɓawa, shi ma bayan an tambayi mai kaya. A kowane hali darajar abin da aka kawo kada ta gaza kuɗin da aka biya. Saboda haka ruwan hodan yana cikin abin da aka saba, laifinta a nan rashin sanar da ke ne. Rage 24 zuwa 15 kuwa tauye mudu ne, domin ƙananan fararen nan da ganye ba su kai wardi tsada ba.

Malaman mazhabar Maliku sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye in an siffanta shi, da sharaɗin cewa in ya zo saɓanin siffar, mai saye yana da zaɓi. Don haka neman hakkinki ba rowa ba ne. Tura mata hoton tallar da hoton abin da ya iso, ki yi lissafi a fili. Mu ƙaddara jikka 48 kika biya: kowane kara ya tashi jikka 2, guda 9 da suka ɓace jikka 18 ke nan. Ta cire kuɗin abin da ta cike da shi, ta maido saura.

Tambaya: Yayana da ke Faransa ya biya kuɗi masu yawa a wani babban shafin intanet don a kai wa mahaifiyarmu furanni. Abin da aka kawo ko rabin na hoton bai kai ba. Ina sauran kuɗin suka shiga? (Wani matashi, Bagalam)

Amsa: Ƙanena, yawancin irin waɗannan shafuka ba su da ko kara ɗaya na fure. Dillalai ne. Tsarin tsoho ne, tun 1910 masu furanni a Amurka suka kafa ƙungiyar aika wa juna oda ta wayar tangaraho. Shafi ya karɓi kuɗi, ya cire ladan hidima da nasa kaso, ya miƙa saura ga wani mai shago da ke kusa da inda za a kai. A tsarin da aka saba a can, mai haɗa buken kashi 70 da ɗan wani abu cikin ɗari yake samu, kuma sau da yawa a ciki zai fitar da kuɗin kai kaya. Idan garin ba shi da shagon da ke cikin tsarin, odar ta sake bi ta hannun wani, kowane hannu kuma sai ya ɗiba. Wanda ya haɗa buken daga ƙarshe da abin da ya iso hannunsa ya yi aiki.

Hoton ma yana da nasa. Ana juyo da duk furannin su fuskanci kyamara, bayan buken babu komai, kuma galibi mafi girman samfuri ake ɗauka. A ƙasan shafin za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa suna da ikon sauyawa. Nan gaba yayanka ya turo maka kuɗin, ka je da ƙafarka ka zaɓa.

Tambaya: Dole ce ta sa zan yi oda daga nesa, domin amarya ta nace sai wardi. Me zan yi kada a sauya mini? (Mai shirin aure, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ango, komai a rubuce, kada ka dogara da saƙon murya kaɗai. A saƙo ɗaya ka faɗi irin fure, launi, adadin kara, da tsawonsa. Tsawon nan mutane ke mantawa, alhali da shi ake yanka farashi: wardi mai santimita 40 da mai 60 ko 70 ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma kawunansu ma ba su kai juna ba. Sannan ka faɗi zaɓinka na biyu da kanka, misali in babu ja a sa fari, amma adadi kada ya ragu. Ka rufe da cewa duk wani sauyi sai an kira ka. Ka jira mai sayarwa ta amsa da amincewa kafin ka tura kuɗi, kuma kafin alƙalami kada ya wuce rabi.

Ranar da za a ɗora kaya, ka nemi a nuna maka buken naka ta kiran bidiyo kafin a naɗe shi, a ƙirga a gabanka, a juya maka bayansa. Duba kawunan. Wanda ya buɗe sosai ya yi kyau a waya, amma kafin ya wuce Dogon Dutse ya fara zubar da ganye. Wanda ya ɗan fara buɗe baki ake so. In ka ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a ganyen fure na waje, ruɓa ce ta fumfuna, kuma cikin kwali mai ɗumi za ta bi saura.

Wajen ɗauri, a naɗe gindin karan da auduga mai jiƙe a sa a leda, amma kada a yayyafa wa kawunan ruwa, domin danshi a rufe shi ke kawo ruɓar. A kwantar da su a kwali mai huji a gefe. Ka roƙi a ajiye kwalin a cikin mota inda fasinja suke, ba a ƙarƙashi wajen kaya ba, inda zafin inji da na kwalta ke dafa su. Ka sa wani ya jira a tasha, kada kwali ya yi ko minti talatin a rana. Kayan su iso kwana ɗaya kafin biki, ba uku ba.

Abu biyu kuma da za su rage maka ɓacin rai. Babu wardi shuɗi a halitta. Fari ne aka shayar da shi rini, kuma yana ɓata hannu da fararen kaya. Sannan in amarya za ta yarda, a haɗa da furen da masu sayarwa ke kira oye, mai bakin ganye kamar haƙoran zarto, ko kirizantem. Waɗannan kan kai mako biyu in an kula da su, wardi kuwa kwana biyar zuwa bakwai ne a wuri mai sanyi. A bazarar Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ko uku ya yi an gode Allah.

Tambaya: Furannin sun iso lafiya, amma washegari duk sun sunkuyar da kai. Me ya jawo? (Wata ɗaliba, Sabon Gari)

Amsa: Ƙanwata, ƙishirwa ce, ko da suna cikin ruwa. Iska ko ƙwayoyin cuta ne suka toshe hanyoyin da ruwa ke bi a cikin kara. Ki cika roba da ruwa mai ɗan ɗumi, ki nutsa gindin karan, ki yanke santimita 2 zuwa 3 a karkace da wuƙa mai kaifi yana cikin ruwan. Almakashi mara kaifi matse hanyoyin yake yi. Ki kwantar da furen gaba ɗaya a ruwan na kamar awa ɗaya, yawanci zai miƙe.

Sannan ki wanke mazubin da sabulu, ki cire duk ganyen da zai nutse. A lita ɗaya ta ruwa ki sa cokali 2 na cin abinci na ruwan lemun tsami, cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na ruwan jabel. Sukari abinci ne, tsami na taimakon ruwa ya hau, jabel na kashe ƙwayoyin cuta. In kin sa sukari babu jabel, ruwan zai yi wari da wuri. A zafinmu kullum ake canza ruwa. Ki nisantar da su daga fanka da taga, da hayaƙin turaren wuta, da mangwaro ko ayaba ko tumatir nunannu, domin hayaƙin da waɗannan kayan marmari suna fitar da wata iska da ke tsufar da fure, oye ma ya fi kowa jin ta. Shi ya sa firigon da ke da kayan marmari ba wurin ajiye fure ba ne.

Tambaya: To mu da ke son sayen na gida, me za mu samu a Maradi, kuma masu sayarwa na gida ba sa sauyawa ne? (Wani magidanci, Tibiri)

Amsa: Malam, mu dai ra'ayinmu a fili yake: in ba wardi ne dole ba, saye a gida ya fi. Kana gani da idonka, kana taɓawa, in an saɓa ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Amma a san me ake saye. Bugambiliya tana ƙawata katanga, sai dai in an yanke ta takan yi laushi cikin ƴan awoyi. Furen ibiskus kwana ɗaya yake yi. Kariya da loriye masu furen ruwan hoda suna da kyau, amma ruwansu dafi ne, kada a sa su kan teburin abinci ko inda yara ke kaiwa.

Masu jure yanka su ne ziniya, da furen rana, da rawayan nan da ake kira oye na Indiya. Duka suna yi a lambunanmu, musamman da sanyin hunturu. Ziniya tana fure cikin kwana 60 zuwa 70 daga shuka, don haka wanda ya san ranar bikinsa zai iya yin magana da mai lambu a gefen Gulbi ko Jiratawa wata uku kafin lokaci, ya saya masa iri, a shuka kala da ake so. A shuka fiye da bukata da kamar kashi ɗaya cikin uku, saboda ba duka ke buɗewa rana ɗaya ba. A yanka da asuba a tsoma a bokiti nan take. Ga ziniya, a kama karan a girgiza: in kan yana lilo bai isa yanka ba, sai wanda ya tsaya ƙyam.

Sauyi kuwa, na gida ma suna yi, musamman masu adon zaure da ke haɗa biki biyu ko uku a rana ɗaya. Ka je ka ga kayan da kansu, ba hoton aikin bara ba. Furen roba da ya sha rana yana koɗewa, jan ya koma kamar ruwan goro. A rubuta kala da adadin tebur da abin da za a ɗora a kowanne, a ajiye kwafi biyu, kuma wani daga dangi ya je zauren awa uku kafin baƙi su iso, lokacin da gyara yake yiwuwa.