Amsa ga 'yar'uwar da jikinta ke rawa in ta ɗauki azumi

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Kin ce kina da jiki, amma da kin ɗauki ramakon azumi kafin la'asar hannunki ya fara karkarwa, gumi mai sanyi ya karyo miki, 'yan gida kuma suna cewa ragwanci ne, wai duk ƙibar nan me take miki. Wallahi da na karanta sai da idona ya ciko, don maganar da aka yi ta yaɓa min ke nan.

Ni yayar maigidana ce ta sa ni gaba. Shekarar da azumi ya faɗo a Afrilu, kin san zafin Gombe, na fito daga babbar kasuwa da cefane zan hau Keke zuwa Pantami, sai na ga duhu, na zube a bakin titi. Mata masu sayar da ganye ne suka yayyafa min ruwa, suka gyara min mayafi. Da aka kai ni gida, ko sannu ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Duk wannan tsokar yunwa ce za ta kayar da ke? Neman suna ne." A gaban yarana fa! Maigidan yana zaune bai ce uffan ba. Ranar sallah ma sai da ta maimaita wa dangi ana ta dariya. Na yafe, amma har yau in na tuna ƙirjina zafi yake.

Likita ce ta warware min daga baya. Ta ce hanta tana ajiye suga kamar giram 100 ne kawai, shi take sakar wa jini in ba a ci abinci ba, kuma kafin awa 24 ya kusa ƙarewa. Tsoka tana riƙe da kamar giram 400, amma nata ne, ba ta bai wa jini. Ita kuwa ƙwaƙwalwa kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin jiki take ci, kuma suga take so. Kitse ya fi ƙarfi, giram ɗaya kalori 9, na suga 4, sai dai kamar damin dawa ne a rumbu, kafin ya zama tuwo sai an sussuka an niƙa. Shayi mai zaƙi da burodi da sahur kuma insulin suke tayarwa, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, shi kuma yana hana jiki taɓa kitsen.

Don Allah ki rage zaƙi da sahur. Ki ci wake ko alale, ɗumamen tuwo da miyar kuka, fura da nono ba suga, ki sha ruwa sosai. Cefane ki yi shi da safe. Kuma ki daina yi wa masu gori bayani, ba za su ji ba, ki samu mutum ɗaya a gidan da zai tsaya miki.

Ki je a gwada sugan jininki, har da ƙarancin jini. In sugan ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji ki karya azumin, ki ci dabino ko ki sha ruwan suga, ki rama daga baya. In kina shan maganin suga, kada ki sake ɗauka sai kin ga likita. Allah ya ba ki lafiya.