Tambaya da Amsa: Yaya zan yi wa ƙaramin kwale-kwalena murfi saboda ruwan da ke fallatsowa ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne daga Yawuri, ina da ɗan kwale-kwale na katako mai ɗaukar mutum biyu. Matsalata in iska ta taso igiyar ruwa na dukan goshin jirgin ta watso ciki, sai ka ga rabin aikina kwasar ruwa ne da yankakkiyar jarka. Na ga hoton jiragen turawa a Facebook an rufe samansu da wani yadi mutum na zaune a tsakiya, shin zan iya haɗa irinsa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da sa'ar kamu. Eh za ka iya, kuma ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba, amma kar ka kwaikwayi wancan na hoton gaba ɗaya. Su waɗancan wasan tsere suke a ruwa mai gudu, sun koyi yadda za su fice in jirgi ya kife, kai kuwa tsayuwa kake ka jefa birgi, ka sunkuya ka jawo raga, to in ka rufe kanka har ƙugu ranar da tsautsayi ya gitta murfin ne zai riƙe ka. Goshin kawai za ka rufe, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgin, in ka so ka ƙara ɗan guntu a baya. Tsakiya a bar ta a buɗe.

Kuma damuwarka tana kan hanya, tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwan wajenku ya zama tafki mai faɗi, iska na samun filin da za ta tara igiya musamman farkon damina da hadari ke tasowa ba sallama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kaga cikin jarka mai lita 25 in ya shiga jirgi kilo 25 kenan, kuma ba zama yake wuri ɗaya ba, ka karkata hagu ya bi ka hagu, shi ne ke kifar da ƙaramin jirgi.

Kayan aiki: ka nemi tampol mai kauri irin na rufe tirela, ko tsoho ne ba laifi in bai tsage ba. Wancan shuɗin mai kama da buhu ka rabu da shi, rana na cinye shi ya dinga marmashewa. In tampol ya yi tsada, tsohuwar bana ta talla ko ta 'yan siyasa ma tana yi, ruwa baya ratsa ta. Sai tsagin gora guda biyu ko uku, ko siririn fayif na wayarin, da igiyar nailan, da tsohon tif na mashin da za ka yanyanka zobe-zobe.

Inda mutane ke kuskure shi ne su shimfiɗa tampol ɗin a kwance kamar tabarma. Wlh in ka yi haka tafki ka haɗa a goshin jirgi, ruwa zai taru ya lotsa shi ya danne gaban ƙasa, gara ma babu. Dole ya yi ƙozo. Ka lanƙwasa gorar daga wannan leɓe zuwa wancan ta yi baka, tsakiyarta ta ɗaga kamar taƙi ɗaya, ta kusa da hanci ta fi gajarta, sannan ka ɗora takardar buhun siminti a kai ka zana siffar da gawayi tukun kafin ka sa almakashi a tampol. Ka bar rarar yatsa huɗu ko biyar kowane gefe don ya sauko ya lulluɓe leɓen ta waje, in ya tsaya ta ciki ruwan cikin jirgi zai zuba.

Ɗinkin kai wa masu ɗinkin kujerar mota ko rumfar Keke Napep, kekensu ne ke iya huda shi, ka ce su naɗe bakin da igiya a ciki su yi da zaren nailan. In sai an yi haɗi, na gaba ya hau kan na baya kamar jerin kwanon rufi. Sannan bakin da ke fuskantarka a yi masa ɗan tudu, a cusa guntun tiyo ko igiya mai kauri a cikin naɗin, shi zai tare ruwan ya kora shi gefe maimakon ya zubo maka a cinya. Wannan ɗan tudun kar ka raina shi, rabin amfanin murfin a nan yake.

Wajen ɗaurewa kafinta ya kafa maka 'yan ƙananan turaku na katako ƙarƙashin leɓen ta waje, taƙi ɗaya tsakani, can sama nesa da inda ruwa ke kaiwa, sai ka maƙala zoben tif ɗin a jiki. Roba tana ja tana saki, kuma da hannu ɗaya za ka fizge murfin in ta ɓaci. Kar a buga shi da ƙusa, katakon ƙasansa na buƙatar shan iska, in ka dawo ka cire ka shanya in ba haka ba ruɓa zai fara daga nan.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar murfin nan ya sa ka ƙara lodi ko ka fita cikin hadarin da da ba za ka fita ba. Ku mutanen yankin ba sai an tuna muku jirgin da ya nutse wajen Warra a 2021 ba, da yawan rayukan da suka tafi. Jarkar kwasar ruwanka ta zauna a kusa da ƙafarka ɗaure da igiya, rigar kariya ta ruwa kuma a jikinka take ba a ƙarƙashin tampol ba.

Ranar gwaji ka je bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ka sa yaro ya dinga sheƙa bokiti a goshin, duk inda ka ga ruwa ya kwanta ka ƙara ɗaga gorar wurin. In ka gama ka turo mana hoto.