Amsa: Me ya sa saƙona ya tsaya a alama ɗaya?

Malam, ka tambaya me ya sa saƙonka na WhatsApp ke tsayawa a alama ɗaya alhali datarka na aiki. Ai saƙon ba ya zuwa wayar abokinka kai tsaye. Wayarka ce ke kulle shi ta miƙa wa sabar WhatsApp (wato babbar kwamfutar kamfanin), sabar ta ce ta karɓa. Alama ɗaya ke nan. Ta biyu ba ta fitowa sai wayarsa ta hau intanet ta ɗauko saƙon.

Don haka matsalar daga wajensa take: ko wayar a kashe, ko datarsa ta ƙare, ko tsarin tattalin batir ya hana manhajar aiki. Sabar na ajiye saƙon har kwana 30 kafin ta goge.

In alamar agogo ka gani, to nan layinka ne. Kunna yanayin jirgi daƙiƙa 10, ka kashe.