Muryar da aka turo kan tsara shafin jagorar masu rubuta manhaja

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari tambayarki tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Kin ce bayanan da kuka tara sun yi yawa, kun buɗe API, wato hanyar da manhajojin wasu za su riƙa ɗaukar bayanan naku kai tsaye, amma masu rubuta manhaja suna zuwa suna komawa ba su yi amfani da shi ba, kina tambaya yaya za ku tsara shafin jagora. To bari in faɗi abin da na gani, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ki buɗe developer.wikimedia.org, wanda Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, ta ƙaddamar a 2022, ki duba shi da kyau. Su ma matsalarsu ke nan. Bayanan jagora suna nan jingim, amma a warwatse a shafukansu daban-daban: wasu a mediawiki.org, wasu a Wikitech, wasu a Wikidata, rumbun bayanansu. Da suka tashi gyara, ba su sake rubuta komai daga farko ba. Ƙofa guda suka yi, tana tambayarka me ya kawo ka. Bayanai kake so ka ɗauka? Bi nan. Bot, wato manhajar da ke aiki da kanta, za ka haɗa? Bi nan. Gyaran manhajar tasu kake so ka sa hannu? Ga hanya. Kamar dai ka shiga tasha, ɗan kamasho ya tare ka da "ina za ka?", ya nuna maka motarka. Ba ruwan fasinja da yadda ƙungiya ta raba ofisoshinta. To ku ma kada ku jera shafinku bisa yadda kuka gina sabarku, wato kwamfutar da ke riƙe da bayananku. Ku jera shi bisa buƙatar wanda ya zo.

Sannan abin da ya fi damuna, wallahi, shi ne minti biyar na farko. Mutum ya shigo, a waya yake, datarsa ta kusa ƙarewa. In bai ga abu ya yi aiki a hannunsa ba, ya tafi ke nan, ba zai dawo ba. Yanzu ki gwada wannan a burauzar wayarki: ha.wikipedia.org/api/rest_v1/page/summary/Kano. Ba rajista, ba mabuɗi, nan take zai jefo miki taken maƙalar Kano da taƙaitaccen bayaninta a tsarin JSON, wato tsarin rubutu da manhaja ke iya karantawa. Ki cire Kano ki sa Zariya ko Sokoto, ya sake ba ki. Kin ga a nan mutum ya riga ya gane yadda abin yake tafiya, tun bai karanta dogon bayani ba. Irin wannan misalin nake so ya zama abu na farko a shafinku, kuma ku nuna amsar da za ta fito a ƙasansa, don in ta mutum ta bambanta ya san akwai matsala.

Haka Wikidata ta yi a query.wikidata.org. Yaren tambayar, SPARQL, ba sauƙi gare shi ba, ga lambobi, P31 na nufin "wane irin abu ne", Q5 mutum, P19 wurin haihuwa. Wa zai haddace wannan rana guda? Amma akwai maɓallin misalai. Ka danna, ka ɗauki tambayar da wani ya rubuta, ka canza lamba ɗaya, ta zama taka. Mafi yawanmu ta haka muka koya, ba ta karatun littafi ba.

Yawwa, sai maganar dokoki, kuma don Allah ku saurara nan. Kowane API yana da iyaka. A na MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, galibin tambayoyi sakamako 500 za a ba ka a kira ɗaya, bot mai izini 5000, sauran sai ka bi da continue, wato umarnin da ke kawo maka kashi na gaba. A Wikidata tambaya in ta wuce daƙiƙa 60 yanke ta ake yi. Kuma tun 2010 Wikimedia take buƙatar manhajarka ta gabatar da kanta ta User-Agent, wato layin da ke faɗin sunanta da mai ita, in ba haka ba ana iya toshe ta. Duk dokoki ne masu dalili, saba ba ta ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. Amma sabon shiga da ya ga lambar kuskure 403 ko 429, ba zai ce doka ya taka ba, cewa zai yi shi ne bai iya ba, ya karaya. Na ga yara masu ƙwazo sun ajiye aiki a kan wannan, abin yana min ciwo. Ku sa layin User-Agent ɗin a cikin misalin farko, ya kwafa da shi. Saƙon kuskure kuma ya faɗi dalili da abin da za a yi. Wanda yake son bayanan gaba ɗaya, ku nuna masa inda zai sauke su dunƙule, kamar dumps.wikimedia.org, kada ya zauna yana kiran API dare da rana.

Lasisi ma a fili. Wikidata CC0 ce, ɗauki ka yi abin da kake so. Rubutun Wikipedia CC BY-SA ne, sai ka ambaci tushe, ka raba da irin lasisin. Naku wanne ne? Layi biyu ya isa, amma a shafin farko.

Maganar Hausa da kika kawo, ina tare da ke. Ku fassara bayanin, amma kod da sunayen sigogi ku bar su yadda suke, in ba haka ba abin da aka kwafa ba zai yi aiki ba. Kuma lallai ku sa misali mai ƙ da ɗ da ɓ, ku nuna yadda ake turo su a adireshi, don a nan manhajojin mutanenmu suke yawan tuntuɓe.

In kun gama zubin farko, ku samo ɗalibi ɗaya da bai taɓa ganin aikin ba, ku ba shi waya, ku zauna kusa da shi ku yi shiru. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, ku rubuta, nan ne gyaranku. Ki turo min mahaɗin in kun shirya, zan duba ranar Asabar in Allah ya kai mu.