Fasfonka a aljihun ɗan yayanka, jarinka ma yana can

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da kayan gyaran babur a babbar kasuwar Gombe ya aiko mini da tambaya. Ya ce sau biyu ke nan yana zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya, kuma duk zuwan da ya yi, da zarar ya sauka sai ɗan yayansa da ke zaune a can ya karɓi fasfonsa ya ajiye, wai don kada ya ɓata a cunkoson kasuwa. Yanzu yana shirin komawa da jari na kusan dala 15,000, yana fatan ya ciko kwantenar da za ta ninka masa kuɗinsa kafin wata uku, sai wani abokinsa ya ce masa dole ne baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa a jiki. Yana son ya san ko hakan gaskiya ne, ko kuwa kwafin takarda ya wadatar.

Alhaji, abokinka ya faɗa maka gaskiya. Dokar shige da fice ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013, ta wajabta wa duk baƙon da ya kai shekara 16 ya kasance yana ɗauke da fasfonsa, ya kuma nuna wa ɗan sanda idan ya nema. Kwafi ba ya tsayawa a madadinsa. Otal ba zai ba ka ɗaki ba sai da shi, jirgin ƙasa ba za ka hau ba sai da shi, kuma idan a gidan wani ka sauka, sai an yi maka rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Kowace ƙasa da tsarinta, akwai inda ake sassautawa, akwai kuma irin Japan inda rashin ɗaukarsa kan jawo tara, amma inda kake zuwa maganar ba ta da ja.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne yadda ka ambaci miƙa fasfon ga ɗan yayanka kamar wani abu ne na yau da kullum. Wannan shi ne kuskurenka, kuma ya fi zancen tara girma nesa ba kusa ba. Na san inda al'adar ta samo tushe: da yawa daga cikinmu tafiyar farko da muka yi waje aikin Hajji ce, inda aka saba jami'ai su tattara fasfon alhazai su riƙe har ranar dawowa. Can hukuma ce ta karɓa, kuma akwai wanda za a tuhuma idan ya salwanta. A Gwanzu kuwa mutum ɗaya ne ya karɓa, kuma mutumin nan shi ne yake yi maka tafinta, shi yake kai ka shagon da ya ga dama, shi yake faɗa maka farashi bayan sun gama magana da mai kaya cikin harshen da ba ka ji. Idan ka ƙara masa da fasfo, ka zama raƙumi da akala. Ba za ka iya sauya masauki ba, ba za ka iya hawa jirgi zuwa Yiwu ka gwada farashin wata kasuwa ba, kuma ranar da kuka saɓa a kan la'ada ba ka da bakin cewa ka fasa.

Ban ce yaron maci amana ba ne, domin ban san shi ba, kuma mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake yi. Amma ko mai amana yakan yi tafiya, yakan kwanta ciwo, kuma shi ma hukuma takan tsare shi idan takardun zamansa sun sami matsala. Shekarun baya wani mai sayar da yadi a nan Gombe ya zo wurina bayan irin wannan ta same shi. Ƙanin matarsa ne ya riƙe masa fasfo, ya tafi wani gari bin kayan wasu baƙi, wayarsa ta daina shiga. Bawan Allah nan bai ma san ranar da bizarsa za ta ƙare ba, domin bai taɓa buɗe shafin ya karanta da idonsa ba. Kafin yaron ya dawo ya wuce wa'adi da kwana 9. Tarar wuce wa'adi a can yuwan 500 ce a kowace rana, tana iya kaiwa yuwan 10,000, wato kusan dala 1,400, kuma hukuma tana da ikon tsare mutum daga kwana 5 zuwa 15. Ya biya yuwan 4,500, tikitinsa ya ƙone ya sayi sabo, kayansa kuma suka iso bayan Sallah, lokacin da masu ɗinki sun riga sun gama saye. Da na tambaye shi rasit ɗin kafin alƙalamin da ya bayar, sai ya ce duk da sunan yaron aka rubuta. Har yau matarsa da 'yan'uwanta ba su koma daidai ba.

Ina zargin kai ma haka rasitanka suke, domin wanda ya saki fasfo da wuya ya riƙe takardar ciniki. Duba su yau. Sunan da ke kan rasit da takardar kamfanin dakon kaya shi ne mai kaya a idon kowa, komai yawan shaidun da kake da su a unguwar Jekadafari ta Gombe cewa kuɗinka ne.

Za ka ce to idan ya faɗi a kasuwa fa? Tsoron yana da dalili, domin wanda fasfonsa ya ɓata a Sin sai ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Gwanzu a ba shi takardar tafiya ta gaggawa, sannan ya koma ofishin shige da fice neman izinin fita, kuma kowane mataki yana cin kwanaki da kuɗin otal. Maganin wannan aljihun ciki ne mai zif, wanda kowane tela zai ɗinka maka a jikin 'yar shara kafin ka tashi. Kada ka haɗa fasfo da kuɗi a jaka ɗaya, domin jakar kuɗi ita ɓarawo yake nema. Ka ɗauki hoton shafin bayananka da na biza da tambarin ranar shiga, ka ajiye a waya, ka bar kwafi a masauki, wani kuma a gida wajen iyali. Amfanin kwafi shi ne ya sauƙaƙa maka samun wata takarda idan ta asali ta ɓata. Ka kuma tabbata fasfon yana da sauran aƙalla wata shida kafin ka nemi biza.

Zancen ninka jari cikin wata uku kuwa, ka ajiye shi. Kwantena daga Sin zuwa Legas takan ɗauki fiye da wata a ruwa, ga jiran fito a tasha, ga kuɗin kwastan, ga motar da za ta hauro da ita har Gombe, ga abokan ciniki daga Kumo da Bajoga da za su ɗauka bashi. Wanda ya fitar da ribar kashi 20 cikin ɗari bayan duk wannan ya yi ciniki mai kyau, kuma ribar nan ita ce tara ɗaya da tikiti ɗaya suke iya cinye rabinta.

Abin da zai yi maka nauyi shi ne faɗa wa yaron, na sani, domin za ka ji kamar ka zarge shi. Ka kira shi tun kana gida, kafin ka sayi tikiti, ka ce masa doka ce ta hana ka rabuwa da fasfo, wanda kuma gaskiya ne. A wannan kiran ku yanka la'adarsa a fili, kashi nawa ne cikin ɗari, ka kuma shaida masa cewa daga wannan tafiya kowane rasit da sunanka za a rubuta shi.