Doki a bargar wani: idan ya mutu ko ya yi ɓarna, wa zai biya?

Tambaya: Na sayi doki saboda hawan Sallah, amma gidana a cikin garin Bauchi ba filin kafa turke. Na samu mai barga a bayan gari da zai riƙe mini shi, ina biyansa duk wata. Takardar da ya ba ni ta ce duk abin da ya samu dokin ba ruwansa. In sa hannu?

Amsa: Alhaji, kada ka sa hannu a kanta yadda take, kuma kada ka yi fushi da mai bargar. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Doki kan kwana lafiya ya wayi gari da ciwon ciki, kafin la'asar ya faɗi, ba tare da laifin kowa ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa. Dokar Bature ma kusan nan ta tsaya: wanda ya karɓi kuɗi don ya tsare dukiyar wani, in ta salwanta a hannunsa, shi zai nuna wa kotu cewa ba sakacinsa ba ne. To wannan jimla ta "ba ruwana" ƙoƙari ne na goge bambancin ƙaddara da sakaci. Ka ce a gyara ta, ta zama ba ya biya a kan ciwo ko mutuwar da ba da sakacinsa ko na yaransa ba.

Sai dai sakaci yana da wuyar tabbatarwa in ba a rubuta abin da aka ce a yi ba. Dokin gida mai nauyin kilo 300 zuwa 350 yana cin busasshen abinci kamar kilo 6 zuwa 7 a rana, mafi yawansa harawa da ciyawa, dusa da hatsi su zama ƙari, a raba su sau biyu ko uku. Ruwa kuwa lita 25 zuwa 40, a zafin Maris da Afrilu har ya wuce haka. A rubuta wannan da lamba. Harawar da ruwa ya taɓa ta yi fumfuna, da sauya abinci rana ɗaya, da cika wa doki hatsi ana gobe hawa don ya yi ƙarfi, su ne kan gaba wajen kawo ciwon ciki. Haka ledar da iska ke kwasowa ta zuba a gindin turke. In takarda ba ta faɗi me zai ci ba, ranar da ya mutu kowa zai rantse a kan nasa.

Wurin da aka fi samun rigima shi ne hawa. Doki mai kyau ba ya rasa masu nema: hawan angwanci, kilisa da yamma, sukuwa. Yaron barga ya ba da shi haya na awa uku, ya dawo yana ɗingishi ko sirdi ya ci masa baya, a ce maka turke ya buga. A rubuta sunan wanda aka yarda ya hau shi don motsa jiki, da cewa ba aro ba haya sai da izininka a rubuce, ko da saƙon waya ne. Wanda ya fitar da shi ba izini ya fita daga hukuncin amana, duk abin da ya same shi a wannan fita yana wuyansa.

Ranar da za ka kai shi, likitan dabbobi ya duba shi, a ɗauki hotonsa ta gefe biyu da gaba da ƙafafu huɗu, a rubuta launinsa da shekarunsa da duk wani tabo, da kuɗin da kuka yarda shi ne darajarsa. A sa cewa za a kira ka da zarar ya ƙi cin abinci ko ya fara birgima yana waiwayen cikinsa, da iyakar kuɗin da mai barga zai iya kashewa a magani in ba a same ka ba. Shaidu biyu su sa hannu.

Tambaya: Akwai inshorar doki kuwa? Wani ya ce mini in na yi ta, ba sai na damu da yarjejeniya ba.

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka ya ruɗe ka. Inshorar dabbobi akwai ta, NAIC, hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, ta daɗe tana yin ta ga makiyaya da masu kaji, kuma wanda ke gudun kuɗin ruwa zai iya tuntuɓar kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Amma doki ɗaya na hawa sai ka tambaya takamaimai ko suna karɓa, kuma ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora.

Abu biyu ne daban: inshorar mutuwar dokin, da inshorar ɓarnar da zai yi wa wani. Ta farko ba ta biyan ta biyu. A ta mutuwa, za su nemi takardar likita, ba sa biya a kan ciwon da yake da shi tun kafin a shiga, kuma sau da yawa sukuwa da haya ba sa ciki sai ka bayyana ka ƙara kuɗi. Suna so a sanar da su da an ga ciwo, in ya mutu likita ya buɗe gawar kafin a binne. Nan ne mai barga ke iya jawo maka asara: ya yi shiru kwana biyu, ko ya sa a ja gawar a kai daji kafin ka iso, kamfani ya ƙi biya. Shi ya sa sharuɗɗan inshorar dole su shiga takardar barga. Kuma a Najeriya, in ba ka biya kuɗin inshora ba, ba ka da kariya, ko da takardar tana aljihunka.

Tambaya: Ni mai barga ne a Gombe. Dokin wani ya tsinke da dare ya shiga gonar maƙwabci, mai dokin kuma wata huɗu bai biya ni ba. Zan iya sayar da shi in biya mai gona in ɗauki haƙƙina?

Amsa: Malam, ɓarnar gonar taka ce, domin tsare dabba da dare yana kan wanda take hannunsa, kuma igiya da turke naka ne. Da a wajen hawa ne ya take wani, mahayi ko mai jansa za a fara tambaya. Ka sasanta da mai gona tun amfanin bai bushe ba, a kira mai unguwa a ƙiyasta abin da aka ci.

Sayarwa kuwa, a'a. Bashin abinci ba ya mayar da doki naka. Ka rubuta masa takardar neman biya da wa'adi, ka ci gaba da ciyar da dokin kana ajiye rasit, in bai zo ba ka kai ƙara kotu ta ba da umarni. Masu kawo maka doki nan gaba, ka karɓi kuɗin wata ɗaya na ajiya tun farko, kuma a rubuta cewa doki ba zai bar barga ba sai an biya abin da ake bin sa.